Tambayi Kawu: Jaka a baya, daga tashar Kaneshie zuwa bakin teku

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Tun da hutu ya matso, saƙonnin da suke shigo min kusan duk hanya ɗaya suka dosa, wato yawon garuruwan bakin teku a motar haya da kwana a masauki mai araha. Na ware guda huɗu da nake ganin sun ɗauke sauran. Kamar kullum ban sa sunan kowa ba.

TAMBAYA: Salam Kawu, ya gida ya iyali. Ni ɗan Nima ne, shekarata 24, kwanan nan na gama bautar ƙasa kuma na ɗan tara wani abu ba mai yawa ba. Wallahi Kawu a Accra aka haife ni amma ta yamma ban taɓa wuce Kasoa ba, kullum sai dai in ga Turawa da manyan jakunkuna a baya suna shiga trotro suna zaga ƙasarmu, ni kuma ɗan ƙasa ina zaune. Ina so in yi kamar kwana 10 ina bin bakin teku har Axim in Allah ya yarda. Matsalata biyu ce, ban san yadda zan tsara tafiyar ba, sannan Umma ta ce wannan yawon banza ne na Turawa, ɗan Musulmi ba ya fita haka kawai babu dalili. Ya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Bari in fara da maganar Umma don ita ce babba, in ba ta sa albarka ba to ka ajiye jakar tukuna. Amma ka zauna da ita cikin ladabi ka tambaye ta ma'anar sunan unguwar da muke ciki. Zango fa wurin da ayari yake yada kaya ya kwana ne kafin ya wuce gaba. Kakanninmu da suka zo ƙasar nan fatake ne, da ƙunshi a ka da buta a hannu suka taso daga Kano da Katsina da Sakkwato suna neman goro a Gwanja, su sauka Salaga, daga baya suka gangaro Kumasi har bakin ruwa, kuma duk garin da suka shiga akwai maigidan da yake saukar da baƙi ya ba su ɗaki ya nuna musu kasuwa. Ita kanta Kasoa da ka ce ba ka taɓa wucewa ba, sunanta daga kalmarmu ta kasuwa ya fito. Saboda haka tafiya da kaya kaɗan da kwana a gidan baƙi gadonmu ne tun kafin Bature ya san jakar goyo. Abin da Umma take tsoro shi ne kada ka fita ka ɓace mata ko ka faɗa cikin abokan banza, to ka rubuta mata garuruwan da za ka bi da ranakun, ka yi alkawarin kira kullum bayan magariba, ka kuma cika. In akwai wani ɗan uwa ko tsohon maƙwabci a zangon Cape Coast ko Takoradi, ita da kanta za ta tuno maka shi, kuma daga ranar da ta ba ka lambar wani ka san ta yarda.

Yanzu hanya. Motocin yamma a Kaneshie ake samunsu, akwai manyan bas akwai ƙanana masu cika da wuri, akwai kuma na STC in kana son wadda take da lokacin tashi. Ka yi asuba ka fita, kada ka ce sai ka karya, ka sayi koko da ƙosai a tasha. Dalili shi ne cunkoson Kasoa, in rana ta ɗaga kafin ku wuce wurin nan za ka iya share awa guda kana kallon bayan mota ɗaya. Accra zuwa Cape Coast bai kai kilomita 150 ba sosai, wajen awa uku ne in hanya ta yi kyau, za ka wuce mahaɗar Winneba, ta Apam, Mankessim, Saltpond, Anomabo sannan ka shiga gari. Jakarka in ƙarama ce ka rungume ta a cinya, in kuma dole ta shiga but to ka tsaya ka ga inda yaron mota ya sa ta da idonka, waya da kuɗi da Ghana Card kuwa a jikinka suke kwana a jikinka suke tashi.

Kuskuren da yara suke yi shi ne son ganin ko'ina, kullum suna cikin mota, su dawo gida da ciwon baya ba su ga komai ba sai tasha. Kwana 10 ɗin nan ni da zan raba maka, uku na Cape Coast da Elmina ne, don tsakaninsu bai fi kilomita 13 ba, tasi na haɗaka yana kai ka, ba sai ka canza masauki ba. Rana ɗaya ka ba gidajen bayi, wato tsofaffin gine-ginen Turawa da aka riƙa tsare bayi a cikinsu, rana ɗaya ka tafi dajin Kakum da sassafe, yana arewa da gari wajen kilomita 30, inda gadar igiyar nan take a saman bishiyoyi, gadoji 7 ne a jere tsawonsu wajen mita 350, tun 1995 aka buɗe ta. Ka riƙe katinka a hannu domin kuɗin shigar ɗan ƙasa daban na baƙo daban.

Rana ta ukun kuma kada ka shirya mata komai. Ka tashi bayan sallar asuba ka je Elmina ka tsaya kan gadar da take bakin tafkin Benya. Ni duk sanda na je nan nake fara tsayawa. Jiragen masunta suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da fentinsa da tutocinsa da rubutun addu'a a gefe, samari tsirara daga ƙugu zuwa sama suna jan igiya suna waƙa da Fante, mata sun jeru da manyan kwanonin silba suna ciniki da ƙarfi kamar ana faɗa alhali ba faɗa ba ne, ga hayaƙin banda yana tasowa daga bayan gidaje ya haɗu da warin gishiri ya kama maka riga har dare. Ba ka biyan ko sisi a nan. Amma kada ka sa ranar ta faɗo Talata, ran Talata masunta ba sa shiga teku a yawancin garuruwan nan, za ka tarar da su zaune suna ɗinkin koma. Kuma kafin ka ɗaga waya ka ɗauki hoton mutum ka gaishe shi ka nemi izini, mutane suna bakin sana'arsu ne.

Daga nan sai Takoradi, wajen awa ɗaya da rabi. Ba sai ka daɗe ba, ka ci abinci ka ciri kuɗi ka nemi motar Agona Nkwanta, daga can tasi zai kai ka Busua. Ka yi kwana biyu ko uku a nan, ka taka da ƙafa zuwa Dixcove ka ga ganuwar Metal Cross a kan tudu tana kallon jiragen kamun kifi. Sauran kwanakin na Axim ne, inda ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1515 take, in kuma aljihu bai yi kuka ba ka ƙarasa Beyin ka shiga kwalekwale zuwa Nzulezo, ƙauyen da aka kafa kacokan a kan ruwa bisa turaku. Ka bar kwana ɗaya cur na dawowa don daga can zuwa Accra tafiyar yini ce.

Abu ɗaya da ba na sassauci a kai, kada ka yi tafiyar dare. Hanyar nan manyan motocin kaya suna binta zuwa tashar jirgin ruwa ta Takoradi da iyakar Elubo, wurare da yawa kuma layi ɗaya ne kowa na son wuce kowa. Ka lissafa yadda la'asar za ta same ka a garin da za ka kwana. Kuɗi kuma ka raba, kaɗan a hannu ƙananan canji saboda trotro, sauran a momo, wato asusun kuɗi na waya, amma in za ka shiga ƙananan ƙauyuka ka ciri abin da zai ishe ka tun daga babban gari. Maganar kasaru, a mazhabarmu ta Malikiyya tafiyar mil 48 ce take sa a yi, kuma in ka yi niyyar zaman kwana huɗu a gari ka koma cikawa, ka je wurin malaminku ya warware maka kafin ka tashi.

TAMBAYA: Kawu ina wuni. Mu uku ne 'yan mata, ɗalibai, daga Mamobi. Mun haɗa kuɗi muna so mu je Cape Coast da Busua bayan jarrabawa, iyayenmu sun yarda da sharaɗin yayan ɗayarmu zai raka mu. Mun duba intanet mun ga wuraren kwana masu araha da ake kira hostel amma an ce ɗaki ɗaya ake zuba mutane maza da mata, ga giya ga kiɗa. Gaskiya ne? Kuma ya za mu yi da salla da abinci?

AMSA: Lafiya lau 'ya'yana, Allah ya ba da sa'ar jarrabawa. Eh gaskiya ne amma ba duka ba. Shi hostel gado ake sayar miki ba ɗaki ba, shi ya sa yake da araha. Ɗaki ɗaya za ki ga gadaje shida ko takwas masu hawa biyu irin na makarantar kwana, banɗaki na kowa da kowa, wani wurin da ɗan kicin da akwatin ƙarfe na ajiye kaya. Da yawansu maza da mata a haɗe suke, wasu suna da ɗakin mata zalla, kuma waɗanda suke daf da bakin ruwa kusan duk suna da mashaya, daren Juma'a da Asabar kiɗa har tsakar dare. Ban ce mutanen wurin miyagu ba ne, na zauna da su na ci abinci da su, yawanci matafiya ne masu ladabi. Amma ɗakin haɗaka da maza ba wurin kwananku ba ne, ko cire mayafi ba za ku iya yi cikin natsuwa ba balle barci.

Ga abin da mutane ba sa lissafawa. Ku uku ne. Kuɗin gado uku in kun haɗa sau da yawa ya kai ko ya kusa kuɗin ɗaki guda mai ƙofa da makulli da banɗakinsa a ciki, ko a hostel ɗin kansa don yawancinsu suna da irin waɗannan ɗakuna, ko a ƙaramin gidan saukar baƙi a cikin gari. Ku ɗauki ɗaki ɗaya ku uku, yayanku ya ɗauki gado a ɗakin haɗaka ko ƙaramin ɗaki kusa da ku, shi ke nan an huta. Kuma ni na fi son ku sauka cikin gari kusa da zango ku riƙa zuwa bakin ruwa da rana, a Cape Coast ku tambayi wajen kasuwar Kotokuraba, nan za ku ji Hausa, ku ji kiran salla, ku sami mai wake da shinkafa da mai tuwon zafi da mahaucin da kuka san yankansa.

Kada ku tura kuɗin kwana gaba ɗaya saboda hoto. Wannan ya taɓa cina a wani gari da ba zan kira sunansa ba, na biya kwana biyu ta waya, da na isa bayan magariba na tarar famfo ba ruwa, gidan sauron a yage, ƙofar ɗakin kuma ƙusa aka lanƙwasa ake rufe ta da ita, ga shi dare ya yi ba inda zan nufa. Tun daga ranar sai na ga ɗaki nake biya. Ku kira tukuna ku yi tambaya, in kun isa ku ce a nuna muku ɗakin, ku murɗa famfo, ku kunna fanka, ku ɗaga zanin gado ku duba ɗinkin katifa ko akwai ɗigon baƙi na kuɗin cizo, ku gwada sakata ta ciki. Mai wurin kirki ba ya jin haushin wannan.

Kaya kuwa kowacce jaka ɗaya da za ta iya goyawa ta yi tafiyar minti 20 ba ta sauke ba. Zani biyu, ɗaya na shimfiɗa ɗaya na rufa, sallaya mara nauyi, 'yar buta ta roba don ba kowane banɗaki za ku samu ba, silifa, tocila da abin cajin waya na hannu saboda ɗauke wuta, ƙaramin kwaɗo naku na kanku, da maganin shafawa na sauro. Sauron bakin teku ba ya wasa, in ɗayarku ta ji zazzaɓi ko bayan kun dawo ne a je a yi gwaji kada a tsaya shan fanadol. Alƙibla daga nan gabas ce ta ɗan karkata arewa, wato in kin fuskanci teku sai ki juya hagu ki ƙara kaɗan, amma manhajar waya za ta daidaita muku.

Abinci bai kamata ya dame ku ba, ƙasar kifi za ku. Dokunun Fante da ake naɗewa a ganyen ayaba da soyayyen kifi da shito zai riƙe ku tun rana har dare da kuɗi kaɗan. Abin lura kawai miya, ku tambaya wane nama ne a ciki kafin a zuba, in kun yi shakka ku ce kifi.

TAMBAYA: Kawu ni na iya iyo sosai, a rafi na koya tun ina yaro a arewa. Abokaina sun ce tekun Ghana daban ne. Tsoro ne kawai ko? Daga wani ɗan Sabon Zango.

AMSA: Ƙanena ka ji maganar abokanka. Rafi gefe ɗaya yake ja kuma kana ganin inda ya nufa, teku kuwa yana da wata igiya da take komawa ciki da ƙarfi, ka ga wurin lumui amma tana janka, kuma gwanaye ta fi ci don su ne suke shiga da nisa. Yawancin bakin ruwanmu babu mai tsaron masu wanka. Ka tambayi masunta ko yaran gari inda suke shiga, inda suka ce a'a to a'a ne. Busua yana cikin wuraren da ruwan ya fi sauƙi, har ana koyar da hawan igiyar ruwa da allo a can, duk da haka kada ka wuce ƙugu, kada ka shiga kai kaɗai ko bayan magariba. In ta ja ka kada ka yi kokawa da ita kai tsaye zuwa tudu, ka yi iyo a kaikaice kana bin gaɓa har ka fita daga cikinta sannan ka juyo. Lambar gaggawa 112 ce.

TAMBAYA: Salam Kawu. Daga Aboabo a Kumasi nake rubuto maka. Kwana huɗu kawai nake da su. Dole sai na biyo ta Accra? Wane wata ya fi? Sannan gaskiya ni gidajen bayin nan ba su dame ni ba, ina ganin tarihin mutanen kudu ne da baƙaƙen Amurka, ni teku kawai nake son gani.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ba ruwanka da Accra, akwai mota kai tsaye daga Kumasi zuwa Cape Coast ta Assin Fosu, awa huɗu zuwa biyar. Wata kuwa ka kauce wa Mayu da Yuni, lokacin ruwan sama mai ƙarfi ne a bakin teku, musamman can yamma wajen Axim. Agusta akwai sanyi mai daɗi. Disamba gari ya bushe amma masauki yana tsada don baƙi sun cika. In kana son biki, Bakatue na Elmina Talatar farko ta Yuli ne, Fetu Afahye na Cape Coast kuma Asabar ɗin farko ta Satumba, sai dai a kwanakin nan ka nemi ɗaki da wuri.

Amma maganarka ta ƙarshe ta tsaya min a rai, ba zan wuce ta ba. Wa ya ce maka tarihin mutanen kudu ne? Mutane da yawa da aka tsare a ɗakunan nan daga arewa aka koro su, ta kasuwanni irin su Salaga, a ƙafa, cikin sarƙa. Kuma dole mu faɗa wa kanmu gaskiya, a kasuwannin nan har da masu jin harshenmu a cikin dillalai, kamar yadda akwai su a cikin waɗanda aka sayar. Hanyar da motarka za ta bi ma kusan ita ce tasu. Kafin ka kai mahaɗar Yamoransa za ka wuce Assin Manso, inda rafin da ake yi musu wankan ƙarshe yake kafin a kai su bakin ruwa.

Ginin Elmina Turawan Fotugal ne suka kafa shi a 1482, 'yan Holan suka ƙwace a 1637, Ingila ta karɓa a 1872. Na Cape Coast 'yan Suwidin ne suka fara shi a 1653 kafin ya koma hannun Ingila, kuma garin ne hedikwatar mulkinsu har 1877 da aka dawo da ita Accra. Waɗannan shekarun mai jagora zai faɗa maka su. Abin da ba zai iya faɗa maka ba sai ka shiga da ƙafarka. A Cape Coast za a gangara da kai kurkukun maza, ƙasa ta yi santsi ta yi baƙi, 'yar taga ɗaya can sama, sai mai jagoran ya kashe fitila na ɗan lokaci ya ce ku yi shiru. Ni a nan na ji numfashin mutumin da yake kusa da ni ya canza, wata dattijuwa da ta zo daga Amurka ta dafa bango tana kuka ba sauti, na rasa abin da zan ce sai Inna lillahi nake ta maimaitawa a zuci. Da muka fito aka nuna mana cewa a saman kurkukun nan daidai cocinsu yake, suna ibada mutane suna mutuwa a ƙarƙashin ƙafarsu. Daga nan sai ƙofar da ake fitar da su zuwa jirgi, kana leƙawa sai ga tekun da kake son gani, da masunta da yara suna wasa a yashi.

To ga yadda zan so ka yi da kwana huɗunka. Ka fito Kumasi da asuba, ka gaya wa direba tun a tasha cewa a Assin Manso za ka sauka, ka yi awa ɗaya ko biyu a can, sannan ka tari trotro a bakin titi zuwa Cape Coast, suna wucewa a kai a kai. Washegari ka shiga ginin Cape Coast da safe kafin motocin 'yan makaranta su iso, da yamma ka zauna bakin ruwa yadda ranka yake so. Rana ta uku Elmina, ta huɗu ka kama motar gida kafin azahar don magariba ta same ka a Aboabo.